Cikin shekarar El-Buhari da hawan jinin yau: akwai alaƙa?

Tambaya: Likita, an haife ni da daminar 1985 a wani ƙauye na yankin Keita. Innata ta ce da cikina ta ci yunwar El-Buhari, anza da dusa suka riƙe su, kuma na zo duniya ƴar mitsitsiya, ba wanda ya sa ran zan kai ranar suna. Yanzu ina Yamai ina sayar da atamfa, jikina ya buɗe, ga shi an ce ina da tansiyo, wato hawan jini, sukari ma ya fara hawa. Wata ma'aikaciyar lafiya ta ce mani wataƙila waccan yunwar ce. Ta yaya yunwar da ban ma san an yi ta ba za ta kama ni bayan shekara 40? Kuma ɗiyata ta fari, wadda na haifa a ƙauye a 2005, ita ma shekarar wahala, tana da ciki wata 3. Abin zai bi ta ne?

Amsa: Hajiya, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi, ya ja kwanan Inna. Ma'aikaciyar nan ba ta faɗa maki abin da babu ba. Yunwar da ta sami ɗa yana ciki, ko yana goye kafin ya cika shekara 2, tana barin tabo a ƙoda, da jijiyoyin jini, da yadda jiki ke sarrafa sukari, kuma tabon kan yi shiru shekara 30 ko 40 kafin ya yi magana. Hausawa na cewa yunwa a ba ki a huta. To, irin wannan ko an ba ta daga baya ba ta tafiya gaba ɗaya. Babu awon jinin da za a yi maki a ce ga rabon 1985 a cikin tansiyonki, ga rabon gado, ga rabon gishiri. Abin da aka tabbatar shi ne, in aka tara mutanen da aka yi cikinsu a shekarar yunwa aka gwada su da waɗanda aka haifa kafin ta ko bayan ta, cutar ta fi yawa a cikinsu.

Ni a Tawa nake aiki, kuma shekarar da Inna take faɗi babu dattijon Adar da ya manta ta. Daminar 1984 ta ƙi, hatsi bai yi ba, dabbobi suka faɗi, ga shi Najeriya ta rufe iyakarta ta ƙasa tun watan Afrilu na shekarar a zamanin Janar Buhari, ba a buɗe ba sai 1986. Daga nan sunan ya fito. In da daminar 1985 aka haife ki, to cikinki duka, tun daga shigarsa har haihuwa, ya faɗa ne tsakanin girbin da bai yi ba da wanda bai iso ba. Kafin ku akwai ƴaƴan 1973 da 1974, lokacin da aka tara mutanen da fari ya koro a Lazare, nan Yamai inda kike, yunwar da tana cikin dalilan da suka sa Saini Kunce ya kifar da Jori Hamani ranar 15 ga Afrilu 1974. Kakanninmu kuma suna da tasu, Kakalaba ta 1913 zuwa 1914. Ƴaƴan 1974 sun haura 50, ku kun shiga 40, wato daidai shekarun da hawan jini da ciwon sukari suke fitowa fili.

Inda aka fi gane wannan al'amari da kyau shi ne ƙasar Holan, kuma dalilin da ya sa yana da amfani ki sani. A ƙarshen yaƙin duniya na biyu, cikin Satumba 1944, ma'aikatan jirgin ƙasa na Holan suka yi yajin aiki, sojojin Jamus suka rama ta hanyar hana abinci shiga yammacin ƙasar. Sai ga sanyi mai tsanani, hanyoyin ruwa suka daskare. Daga Disamba 1944 zuwa Afrilu 1945 rabon abincin da ake ba babban mutum a rana ya sauka zuwa kalori 400 zuwa 800, alhali jiki na buƙatar wajen 2,000 ko fiye. Mutane suka koma cin albasar furanni, kamar yadda namu suka koma ga anza da jiga da tonon gidan tururuwa. Wajen mutum 20,000 suka mutu. A watan Mayu 1945 aka ƴanta ƙasar, abinci ya dawo nan da nan. Yunwa ce mai ranar farawa da ranar ƙarewa, ta faɗa kan mutanen da da can suna ƙoshi, kuma asibitocinsu ba su daina rubuta nauyin kowane jariri ba. Shi ya sa masu bincike suka iya cewa wannan yunwa ta same shi a farkon ciki, wancan a tsakiya, wancan a ƙarshe.

A 1976 aka duba takardun samarin Holan 300,000 ƴan shekara 19 da suka je awon shiga soja. Waɗanda yunwa ta sama a rabin farko na ciki sun fi sauran ƙiba. Daga baya aka bi sawun jarirai 2,414 da aka haifa a wani asibitin Amsadam, aka nemo waɗanda ke raye suna da shekara 50. Waɗanda ta sama a watannin ƙarshe an haife su ƙanana, kuma jikinsu ba ya iya sauke sukari da sauri bayan sun sha. Waɗanda ta sama a tsakiya, an fi samun alamar yoyon ƙoda a fitsarinsu da ciwon toshewar numfashi. Abin da ya fi tsaya mani a rai shi ne na farkon ciki: an haife su da nauyinsu daidai, kowa ya gan su ya ce lafiya lau, amma su ne suka fi ciwon jijiyoyin zuciya da kitse a jini, kuma wata cutar taɓin hankali mai suna sikizofireniya ta ninka sau 2 a cikin waɗanda aka yi cikinsu a tsakar yunwar. Ki riƙe wannan, za mu dawo kansa in mun zo batun ɗiyarki.

Yadda abin ke faruwa ba shi da wuyar fahimta ga wanda ya taɓa gini da tubalin da bai isa ba. Magini zai gama ɗakin da ba a iya zama sai da shi, sauran ya rage masu faɗi. Ɗan tayi ma haka yake yi: in abin da ke zuwa ta cibiya ya yi kaɗan, jini ya fi karkata ga ƙwaƙwalwa, sai ƙoda da hanta da tsoka su samu saura. Kowace ƙoda tana da ƙananan matatai, a matsakaici wajen miliyan 1, kuma ana gama ƙera su ne a kusan sati na 36 na ciki. Bayan haihuwa ba a ƙara ko ɗaya. Wanda aka haifa da ƙarancinsu, waɗanda yake da su za su yi aikin da ya fi ƙarfinsu tsawon rai, fitar da gishiri ya yi masu nauyi, jini ya hau, hawan jinin kuma ya dawo ya ƙara lalata su. Haka pankiriyas, wata gaɓa doguwa da ke kwance bayan tumbi, wadda ke yin insulin mai shigar da sukari cikin tsoka. In an gina ta da ƙarancin kaya, tana isar mutumin da ke cin tuwon hatsi yana wuni a gona, amma ba ta isar jikin da ya ninka. Tsokar ita ma, wadda ita ce babbar mai shanye sukari, takan zo kaɗan. Wani likitan Ingila, David Barker, yana cikin waɗanda suka fara haɗa waɗannan abubuwa. A 1989 ya nuna daga tsofaffin littattafan ungozomomi cewa mazan da aka haifa da ƙaramin nauyi sun fi mutuwa da ciwon zuciya, a 1992 kuma shi da abokin aikinsa Hales suka ce jikin irin wannan yaro jiki ne mai tsimi, an shirya shi don duniyar da babu.

Nan ne maganar ta zo kanki kai tsaye, Hajiya. Jiki mai tsimi ba ya cika kawo matsala muddin yana cikin rashi. Matsalar tana tashi ne ranar da ya shiga wadata. A birnin Leningirad na Rasha an yi yunwar da ta fi ta Holan muni da tsawo, daga 1941 zuwa 1944, amma da aka auna waɗanda aka yi cikinsu a lokacin, a wani bincike na 1997, ba a ga bambancin sukari ko hawan jini tsakaninsu da waɗanda aka haifa a wajen birnin ba. Bayanin da masana da yawa suka bayar shi ne, can abinci bai yalwata ba ko bayan yaƙi. A ƙasar Sin, bayan yunwar 1959 zuwa 1961, an ga sukarin ya fi hawa ga waɗanda suka fito daga yankunan da ta fi tsanani sannan suka samu hali suka koma cin abinci irin na birni. Ki dubi hanyarki: daga fura da tuwo da ɗibar ruwa a rijiya mai nisa, zuwa zaman shago daga safe zuwa la'asar, da shinkafa da taliya da burodi, da lemun kwalba mai sanyi saboda zafin Yamai. Ƙodar 1985 ce take ɗauke da jikin yau.

Akwai abin da ke damuna ƙwarai a nan. Mu a wajenmu mace ta yi jiki alamar kwanciyar hankali ce, kuma wadda ta tashi ana ce mata ƴar tsurut ta fi kowa son a ga ta cika. Na sha ganin mata suna shan ƙwayoyin ƙiba da ake sayarwa a tebur, cikinsu har da deksametazon. Wannan magani shi kaɗai yana hawar da jini, yana hawar da sukari, yana tara kitse a ciki da fuska. Ga macen da aka haifa a shekarar yunwa, wuta ce aka zuba wa mai. In kina shan wani abu irin wannan, kada ki yanke shi rana ɗaya, domin yankewar gaggawa ma tana da haɗari. Ki kai wa likitanki kwalin, ya sauke maki shi a hankali.

Kada ki ce wannan labarin Turawa ne. A 2009 an auna ƴan kasuwa 1,339 a Inugu, waɗanda aka haifa kafin yaƙin Biyafara na 1967 zuwa 1970, da lokacinsa, da bayansa. Waɗanda yunwar ta sama a ciki ko suna jarirai, haɗarin hawan jininsu ya kusa ninkawa sau 3, sukarinsu ya fi hawa, ƙugunsu ya fi faɗi. Ƴan kasuwa ne kamar ke, masu shekara wajen 40 kamar ke. A Yukiren, waɗanda aka haifa a farkon 1934 a yankunan da yunwar 1932 zuwa 1933 ta fi ci, ciwon sukari ya ninka fiye da sau 2 a cikinsu. A Habasha, yaran da ke tsakanin shekara 1 da 3 lokacin yunwar 1984 sun girma sun gaza tsararsu tsawo da wajen santimita 5. A wasu ƙauyukan Gambiya kuma ba ma sai an yi babbar yunwa ba: wani bincike na 1997 ya nuna waɗanda aka haifa a watannin da rumbu ya ƙare sabon hatsi bai nuna ba sun fi mutuwa da ƙuruciyar girma, galibi da cututtuka masu yaɗuwa. Wannan lokaci mu ma duk shekara muna da shi.

Wani abu kuma saboda ƴan'uwanki da suka rage a ƙauye. Akwai nau'in ciwon sukari da ke kama siraran matasa waɗanda suka sha tamowa suna yara, ba su da ƙiba ko kaɗan. Tun 1955 aka bayyana shi a Jamaika, aka daɗe ana gardama a kansa, sai a 2025 ƙungiyar ciwon sukari ta duniya ta amince da shi ta kira shi nau'i na 5. Saboda haka rama ba ta wanke kowa daga awo.

Kin tambaya ko abin zai bi ɗiyarki. Yunwa ba ta canza ƙwayoyin gado su kansu. Kin san rubutun allo: baƙaƙe suna nan yadda suke, amma in aka canza wasali karatu ya canza. To, wasalin ne yunwa ke taɓawa, wato alamomin da ke gaya wa jiki wace ƙwayar gado zai karanta da ƙarfi, wace zai sassauta. A 2008 aka gano cewa mutanen Holan da yunwa ta sama a farkon ciki, bayan shekara 60, wasalin wata ƙwayar gado mai kula da girma ya bambanta da na ƴan'uwansu uwa ɗaya uba ɗaya da ba ta sama ba. Wucewar irin wannan alama zuwa jikoki an fi tabbatar da ita a dabbobi. A ɗan Adam hanyar da ta fi bayyana mai sauƙi ce: yarinyar da ta tsumbure takan zama gajeriyar mace mai ƙaramin ƙugu, ta haifi ƙaramin ɗa, ko naƙuda ta yi mata tsawo, wanda yana cikin hanyoyin da yoyon fitsari ke samun matanmu. In kuma ta yi ciki tana ƴar 15 ko 16, ita da ɗan tayin suna rabon abinci ɗaya alhali ita ma ba ta gama girma ba. Wannan sarƙa ce da ake iya tsinkewa a haihuwa ɗaya. A Gwatemala, daga 1969 zuwa 1977, an riƙa ba yaran wasu ƙauyuka kunu mai gina jiki. Mazan da suka sha shi kafin shekara 2, da suka girma, abin da suke samu a awa na aiki ya fi na sauran da kashi 46 cikin 100.

Kafin in faɗi abin yi, ina roƙonki abu ɗaya: kada wannan bayani ya koma wa Inna a matsayin laifi. Matar da ta jiƙa anza kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita, ta ci da ciki, ta haife ki, ta shayar da ke har kika rayu, ta yi duk abin da ɗan Adam zai iya. Kuma yawancin waɗanda aka haifa a irin shekarun nan suna tsufa kamar kowa. Haɗari ne ya ƙaru, kuma kusan duk abin da ke mayar da shi cuta yana cikin abin da hannunki ke kaiwa.

Ke kanki, tansiyo daga 14/9 zuwa sama hawan jini ne, kuma maganinsa na kullum ne, ba a ajiye shi don kai ya daina ciwo. Sukarin safe kafin a ci komai, in ya kai giram 1.26 a lita sau biyu, ciwon sukari ne. In bai kai ba amma yana kusa, wannan ne lokacin da rage kilo kaɗan da tafiyar minti 30 a rana suke iya mayar da shi baya. Abin da nake so ki nema da bakinki, don ba kullum ake tunawa da shi ba, shi ne awon ƙoda sau ɗaya a shekara, na fitsari da na jini. Ki gaya wa likitan cewa an haife ki ƙarama a shekarar yunwa. Ki nisanci diklofenak da ibufurofen na ƴan tebur, suna cin ƙoda a ɓoye. Gishiri gaba ɗaya kada ya wuce giram 5 a rana, ƙaramin cokalin shayi ke nan, kuma dunƙulen magi da kanwa suna cikin lissafi. Sukarin shayi da na zoɓo da na fura ki rage shi sosai. Abincin da kika baro a Keita, hatsi da wake da zogale da kuka, ya fi dacewa da jikinki fiye da farar shinkafa, illa dai ki kula da yawan abin da kike zubawa.

Ɗiyarki kuwa, 2005 tana gabana kamar jiya. Fara ta 2004 da ƙarancin ruwa, hatsi ya yi tsadar da talaka bai iya kaiwa, cibiyoyin tamowa a Tawa da Maraɗi da Damagaram suka cika. Ƙungiyar likitocin nan ta MSF ita kaɗai ta kula da yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar a shekarar, yawanci da Plumpy'Nut ɗin da mata ke kira biskit. Mun ceci rayuka, ina alfahari da haka. Amma da zarar awon kaurin hannun yaro ya fita daga ja, alamar haɗari, sai mu sallami yaro mu rufe takardarsa. A Malawi an bi irin waɗannan yara bayan shekara 7, aka tarar sun fi ƴan'uwansu gajarta da ƙarancin tsoka. Yaran 2005 su ne ke haihuwa yanzu, kuma a ganina ya kamata kowane ma'aikacin lafiya a ƙasar nan ya riƙa tambayar babban mutum wace shekara aka haife shi, yaya damina ta kasance, kamar yadda yake tambayar ko akwai mai ciwon sukari a gidansu.

Wata 3 ba wuri ba ne, kin ji abin da ya sami ƴan farkon ciki a Holan. Ta fara awon ciki a wannan satin, kada ta jira ciki ya fito. Ta sha ƙwayar ƙarin jini kullum, ta karɓi Fansidar daga wata na 4, ta kwana cikin gidan sauro, domin zazzaɓin cizon sauro in ya zauna a mabiyiya yana hana ɗa abinci ko da uwa na ƙoshi. A auna tansiyonta a kowane zuwa, a auna sukarinta wajen wata na 6. Kada a bari tsofaffi su rage mata abinci ko su hana ta ƙwai wai don ɗa ya zo ƙarami a haihu da sauƙi, wannan shi ne gayyato El-Buhari cikin gidan da ke da hatsi. In gajeriya ce, ta haihu inda ake iya yin aiki in buƙata ta taso. Bayan haihuwa a yi hattara da kunun kanwa mai yawa, an daɗe da ganin alaƙarsa da kumburin zuciyar masu jego a Zariya da nan Nijar. Jariri ya sha dakashi, kada a zubar, nono zalla har wata 6 ba ruwa, sannan kunu da aka ƙarfafa da ƙuli-ƙuli ko wake ko ƙwai ko hanta, a ci gaba da shayarwa zuwa shekara 2 kamar yadda Alƙur'ani ya ambata, a guji kwanika. Tsawon da yaro ya rasa kafin shekara 2 da wuya ya dawo duka, kuma ɗura masa kayan zaƙi yana ɗan shekara 5 kitse kawai yake ƙara masa.

In kin je ganin Inna, ki tambaye ta su wa aka haifa a gidanku da dangi tsakanin 1983 da 1986, maza da mata, har da waɗanda suka tafi bida Abijan ko Libiya. Ki aika masu su je a auna tansiyonsu da sukarinsu ko ba sa jin komai. A littafin awon cikin ɗiyarki kuma, ki sa ungozoma ta rubuta a shafin farko cewa an haife ta a 2005, da ko ta taɓa kwanciya a cibiyar tamowa.